Binnen Maikano

Maikano bai taɓa buga balo, wato ƙwallon ƙafa, ba tun da aka haife shi, amma duk ƙasar Kwaya babu wanda ya ci kup kamarsa. Manomi ne, ɗan gajere, mai yawan shiru, sai fa in an ambaci Guguwa, ƙungiyar samarin garinmu. Nan bakinsa ke buɗewa har mai sauraro ya gaji.

Gonarsa ta bakin hanya ita ce filin wasanmu. Ko'ina a nan rairayi ne, mutum ya yi gudu kaɗan numfashi ya ƙare, ita kuwa shimfiɗaɗɗiya ce mai ƙasa da tauri. Da an yanke gero sai samari su tone tushiya, su kafa itatuwan raga, garuruwan kewaye su yi ta zuwa gasar rani. Ƙa'ida guda ce, kowa ya yarda da ita tun farko: ranar da mai gona ya zuba iri wasa ya ƙare, wanda ke sama a yawan maki shi ke da kup.

To, Maikano mutum ne mai son binne, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Abin mamaki, ba ya jin ƙamshin damina sai ranar da Guguwa ta hau sama. Washegari za a gan shi da sungumi, matarsa Ɗela na biye da ƙwaryar iri. Mutanen Sassumbrum, masu ƙungiyar da suke kira Zakaru, suka ce maguɗi ne. Mu muka ce noma ne. Mu dai ba mu taɓa sayen arbitir, alƙalin wasa, ba. Me za mu yi da shi?

Su Zakaru ma har suna da bakin magana! Ƙungiyar da golanta ke kauce wa ƙwallo kamar ya ga suruka. Amma suna da Yero mai hatsi, wanda bakinsa kaɗai ya fi 'yan wasansu duka ƙarfi. Duk ranar kasuwa sai ya tare Maikano.

"Ga malamin taurari nan! Maikano, yaushe za a yi ruwa bana? Ko sai kun ci wasa biyu tukun?"

"Ku dai ku fara cin guda," in ji Maikano. "Na ji an ce golanku ya nemi a ba shi tabarma, tunda ba ya tare komai."

Bana Guguwa ta hau sama da wuri, da ƙyar, kuma a ranar ne ɗan wasan gabanmu ya gurɗe a ƙafa. Maikano ya kasa cin tuwo. Zafi na tsakiyarsa, ko gajimare babu, ya ɗauko sungumi. Ɗela ta tsaya a bakin rumbu ta ce, "Malam, irin nan fa shi ke nan gare mu. In ya tafi, da kup ɗin za ka yi mana fura?" Ya ce ta ɗauko ƙwarya. Mu kuwa muka bi shi muna tafi, har da ni, don ban ga laifinsa ba a ranar.

Aka yi wani ɗan yayyafi, gero ya leƙo, sai sama ta rufe bakinta. Rana ta ƙone tsiron nan ƙurmus, gona ta koma fili fetal. Kup ɗin kuwa yana can meri, ofishin magajin gari, ba a kai ga miƙa mana ba. Garuruwan suka taru suka ce gonar da babu shuka a cikinta filin balo ce. Muka yi musu, muka rantse, amma a banza.

Aka dawo wasa. Maikano na zaune a gindin gawo yana kallon takalma na tattaka ramukan da ya binne abincin gidansa. Kowa ya zo ya ci mu. Har Zakaru, jama'a, Zakaru da ba su ci kowa ba duk rani, suka zura mana biyu. Haushi ya cika ni, amma da na dubi Maikano sai tausayi ya fi.

Da ruwan gaske ya sauka, kowa ya fita shuka, shi ba shi da iri ko tiya guda. Ya hau kabu-kabu zuwa Sassumbrum, don babu mai irin kirki sai Yero. Ya tsaya a gaban rumfarsa, ya shirya jin baƙar magana.

Yero ya auna masa, ya ƙara da hannu biyu, ya ɗaure bakin buhun da kansa. Bai yi dariya ba.

"Ka kai wa Ɗela," in ji shi. "Ka ce mata ita za ta riƙe shi."