Ƙwallon Baba Issaka da Man Kaɗe

Abin da na fara gani ranar da na shiga gidan wasan bowling na bayan Old Kent Road, kuma har yau ban manta da shi ba, shi ne katakon ƙasa yana ƙyalli kamar an zubar da ruwa ba a goge ba. Na tsaya ina neman wanda zan gaya wa, amma kunya ta hana ni. Gara da ta hana, domin mai ne, kuma da gangan ake shafa shi.

Lokacin ina aji goma. A watan Yuli makarantarmu kan tura kowa aikin mako guda, abin da ake kira work experience. Ƙawayena sun samu asibiti da ofishin lauya. Ni ban ɗaga hannu da wuri ba, sai aka ba ni abin da ya rage. Ku da za a tura bana, ga abin da na gani.

Manaja ta miƙa ni ga Kawu Mumuni, mai kula da injuna, mutumin Zangon Kumasi. Da ya ji sunana Nafisa sai ya bar Turanci.

"Kai Hausa ne?"

Na gyaɗa kai.

"To kai ne mai takalma."

Mutanen Zango "kai" suke ce wa kowa, mace ko namiji. Na saba kafin azahar. Aikina miƙa takalma, fesa musu turare, da share ƙura a inda 'yan wasa ke ajiye kayansu.

Ga yadda wasan yake. Layi dogon katako ne, da kwata a kowane gefe, da sanduna goma masu siffar kwalba a ƙarshensa. Kowace safiya inji yana shafa mai daga farkon layi har ya wuce tsakiya, ya bar ƙarshen a bushe. Ƙwararre ba ya jifa a miƙe. Yakan tura ƙwallo gefe, ta sulɓe a kan man, ta iso busasshen wuri ta kama ƙasa, ta lanƙwaso cikin kwalaben. Idan mai ya yi yawa, ƙwallo mai kaushi ake so, wadda aka dusashe da samfefa, takardar nan ta goge katako. Idan layi ya bushe da yamma, bayan yara sun yi ta jifa, mai santsi ta fi. Shi ya sa masu wasan gaske ba sa zama da ƙwallo ɗaya.

Ranar Laraba da hantsi tsofaffin unguwa ke gasarsu, kuma ranar inji ya fi zuba mai. Cikinsu akwai Baba Issaka, tsohon direban bas, shi ma ɗan Zango. An yi masa aiki a kafaɗa, ya daɗe a gida, kuma wannan ce ranar dawowarsa. Matarsa Mma Adiza ta rako shi da fulas ɗin shayi. Kawu ya ce ba ta taɓa taka wurin ba sai ranar.

Ni aka ce in ɗaukar masa jaka saboda kafaɗar. Da na zuge ta sai na ji ƙamshin ɗakin mahaifiyata a lokacin sanyi. Ƙwallon shuɗiya ce, tana sheƙi har na ga fuskata a jikinta. Na ajiye ta.

Kafin gasa ana ba da 'yan mintuna na gwaji. Baba ya yi bismilla ya jefa. Ƙwallo ta tafi gefe kamar yadda ya nufa, ta iso inda za ta lanƙwaso, ta wuce abinta ta faɗa kwata. Ya sake, ta sake. Abokan wasansa Turawa suka kama kallon silin.

Ya zauna yana murza kafaɗa.

"Mumuni, hannun ya mutu. Ka gaya wa manaja a cire sunana. A ba wa mai rai."

Mma Adiza ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"In ya koma flat ɗinmu, daga kujera sai gado. Wasan nan kaɗai ke fitar da shi. Ni na yi nawa. Jiya na zauna na goge masa ƙwallon da man kaɗe na gida, ba na kanti ba. Mutum zai shiga mutane bayan ciwo da abu kamar gindin tukunya?"

Na ce, "Haka ne, Mma," na sunkuyar da kai.

Na ɗauki ƙwallon kamar zan share ta, na kai wa Kawu bayan teburin takalma. Na shirya jawabi a hanya, amma abin da ya fito shi ne, "Kawu, sansana."

Ya sansana. Ya sake sansanawa.

"Mai kyau ne kuwa," in ji shi. "Na garin Tamale."

Ya ce irin wannan ƙwallo tana shan mai kamar burodi, ba zai fita kafin a fara ba, kuma da an fara gasa, doka ta hana a taɓa ta da komai sai busasshen tawul.

"In na faɗa, Baba zai yi faɗa a gaban Turawa. Mma ba zai sake zuwa ba."

Na ce tun Litinin na ga wata baƙar ƙwallo a saman lokar da Baba ke ajiye kaya, ta dushe kamar gawayi. Kawu ya dube ni kamar lokacin ya fara ganina, ya tafi ya sauko da ita.

"Baba, wannan shuɗi na yamma ne. Yau injina ya zuba mai kamar za a soya ƙosai. Gwada tsohon."

"Wancan? Ya girme wannan yarinya."

"Kai ma ka girme shi, kuma ba a jefar da kai ba."

Baba ya zura yatsu cikin ramukan, ya tashi yana gunaguni. Ƙwallo ta tafi gefe, ta yi kamar za ta bi 'yar'uwarta, sai ta kama ƙasa ta juyo. Kwalabe suka zube, saura ɗaya ta yi rawa ta ƙi faɗuwa. Baba ya daɗe yana kallon kafaɗarsa, sannan ya ce a ba shi shayi.

Ƙungiyarsu ba ta ci ba. Daga ƙarshen jeri aka ƙirgo su. Amma na ji shi yana ce wa manaja ta yi masa booking na Laraba mai zuwa, kuma kada a ba shi layin kusa da ƙofa.

Abin da na koya shi ne, idan ƙwallo ta ƙi, ɗan wasa jikinsa yake fara zargi, tsoho kuwa nan take yake yarda. Aikin masu gidan ne su duba layi da ƙwallo kafin ya yanke wa kansa hukunci. Kuma Kawu bai yi ƙarya ba, gaskiyar da za ta iya zama a wurin kawai ya zaɓa.

Ana haɗa kaya sai na ga Mma Adiza ta ɗauki baƙar ƙwallon tana juya ta, tana shafa ta da bakin mayafi.

"Ji yadda ya yi furu-furu. Wannan ma zai ga hannuna kafin Laraba."

Na waiga neman Kawu. Ya shige bayan injuna, kuma na san ba gyara ya kai shi ba. Na matsa kusa da Mma. Duk makon ban yi magana mai tsawon wannan ba.

"Mma, don Allah ki bar mana ƙwallon a nan, mu ne masu kula da ita. Ki tafi da takalmansa, su ne ke son mai. Amma don Allah sama kawai, ban da ƙasan."