Injin Niƙa Zuwa Doguwa

Ana idar da sallar asuba muka bar Bebeji a cikin a-kori-kura, ni da yayana, da injin niƙa ɗaure a baya. Injina biyu ne kacal, sana'ar kuma ko yaye ba ta kai ba. Ɗaya na aiki, wannan kuwa na ajiye shi ne don ranar da wancan zai ƙi tashi. Wani saurayi a Doguwa ya roƙi in ba shi ya fara nasa, mu raba riba. Na ɗauko dai, amma zuciyata ba ta amince ba.

Yaya kuwa tun daga Kwanar Dangora yake mita: “Kai da ba ka tsaya da ƙafarka ba, za ka goya wani?” A Tudun Wada muka ci waina da miyar taushe, tsadarta ta ƙara masa abin faɗa.

Gab da dajin Falgore taya ta yi faci. Muna jira sai ga wani dattijon Bafulatani janye da karsana. Muka gaisa, na tambaye shi ko kasuwa za shi. Ya ce a'a, maƙwabcinsa ciwo ya cinye wa shanu, zai kai masa ita ta haihu a can, maƙwabcin ya riƙe maruƙan, shi kuma a dawo masa da uwar. Habbanaye suke ce wa abin.

“Baffa, ai naka garken da yawa ke nan?”

Ya yi dariya. “Ina! Da aron na fara ni ma. Amma ba na ba da wadda yara ke shan nononta.”

A Doguwa na iske yaron ya kafa rumfa ya zuba siminti da hannunsa, matan unguwar kuma har yanzu a turmi suke surfe da daka. Na sauke injin.

Mun dawo da la'asar sakaliya. Abin da na koyo shi ne, mai ƙaramar sana'a na iya tallafar ɗan'uwansa, in dai ya je ya gani da idonsa, kuma bai taɓa abin da gidansa ke ci ba. Yanzu ba ni da na ajiya. Kowace safiya sai na yi bismilla sau uku kafin in ja hannun injina, kuma Yaya, mai mitar nan, shi ke zuwa duba mini mai.