Yadda Maigidana Ya Ajiye Maganin Hawan Jini Saboda Bitamin D

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na samu ƙarfin rubuto ta, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

A lokacin da abin ya faru ni malamar firamare ce a Sabon Gari, muna haya a Jushi tare da maigidana da yaranmu. Shi kuma yana da ɗan shago a Samaru, inda yake buga wa ɗaliban jami'a ayyukansu na kammala karatu a kwamfuta. Shagon ba taga, sai fanka da ƙwan lantarki. Da sassafe yake shiga, in ba salla ba ba abin da ke fito da shi har magariba. Karatunsa bai wuce difloma ba, amma mutum ne mai son sani, duk abin da ya buga sai ya karanta. Yau ya dawo mini da labarin ƙwarin da ke cinye masara a rumbu, gobe da tarihin layin dogo. Nakan zolaye shi da farfesan gidanmu, shi kuma ya yi ta dariya. A gaskiya ina alfahari da shi, kuma in ya faɗi abu ban cika ja ba.

Hawan jini gado ne a gidansu, shi ya kwantar da mahaifinsu. Tun yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai likita ya ɗora shi a kan ƙwaya kullum safe. Yana sha, amma ba ya so. Yakan ce tana sa shi yawan fitsari, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce mutum zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa.

Sai wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a fannin sinadaran jini ta kawo masa aiki. Kirista ce, iyayenta 'yan Kudu ne, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar Bazazzagiya. A cikin aikin akwai babin da ta tattaro abin da masu bincike a ƙasashe daban-daban suka rubuta game da bitamin D da ciwon zuciya. Ranar da ya fara buga shi, ko takalmi bai cire ba ya soma ba ni labari. Ya ce an lura mutanen da bitamin D ya yi ƙaranci a jininsu sun fi yawan samun hawan jini da ciwon zuciya, kuma fatar mutum ce ke samar da shi in rana ta taɓa ta. Ya ce in duba rayuwarsa, shekara da shekaru a cikin shago mai duhu. A ganinsa ya gano tushen ciwonsa.

Da kansa ya je ɗakin awon jini a Sabon Gari ya ce a auna masa. Sakamako ya nuna bitamin ɗin ya yi ƙasa, maiƙon da ke cikin jininsa kuma ya yi yawa. Wanda ya miƙa masa sakamakon ya ce ya kai wa likita. Amma shi abin da ya je nema kawai ya gani, maganar maiƙo ko a jikinsa. Ya biya kemis ya sayo kwalbar bitamin, ya fito da benci ƙofar shago yana zaman hantsi. Har maƙwabtansa suna tsokanarsa wai ya koma ƙadangare. Ba a jima ba ya ce mini zai ajiye ƙwayar hawan jini, tunda ya kama ciwon daga saiwa. Na tambaye shi ko ba zai fara jin ta bakin likita ba, ya ce likita ba abin da zai ce sai a ci gaba da sha. Na ƙyale shi. Daga baya ma da na ga yana walwala, barcinsa lafiya, sai na saki jiki, har ina ba abokan aikina labari a makaranta.

Da ɗalibar ta dawo karɓar gyara, ya gaya mata cikin murna cewa aikinta ya raba shi da magani. Shi da kansa ya ba ni labarin yadda hankalinta ya tashi, ta ce ba haka rubutun yake nufi ba, ta roƙe shi ya koma kan maganinsa tun a ranar. Ya ce tsoro ne irin na 'yan boko, ba sa son a ce su suka faɗa. Muka yi dariya tare.

Watanni suka shuɗe. Ya fara kukan ciwon kai ta ƙeya, in ya ɗan yi tafiya sai haki, wani lokaci ya dafe ƙirji ya ce gyambon ciki ne. Lokacin kuma ɗalibai na rububin miƙa ayyuka, ba ya samun hutu. Wata Asabar bayan azahar ina wanki, mai shagon da ke kusa da nasa ya kira ni ya ce maigidana ya sunkuya zai ɗaga kwalin takardu ya faɗi, sun wuce da shi babban asibiti. Ban san yadda na isa ba.

Likitan da ya karɓe shi ya ce bugun zuciya ne, ya tambaye ni wane magani yake sha, na ba shi labarin komai. Bai yi mini faɗa ba, ya zaunar da ni. Ya ce gaskiya ne ana yawan ganin ƙarancin bitamin D tare da ciwon zuciya, amma ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Mai zama wuri guda, ba motsa jiki, ga ƙiba, shi ne dai wanda ba ya shiga rana. Ya ce da aka jarraba ba mutane bitamin ɗin, ba a ga ya hana bugun zuciya ba. Yana da amfaninsa ga ƙashi, amma ba ya maye gurbin maganin hawan jini. Shi kuwa hawan jini, in ji shi, yakan yi ɓarnarsa mutum na jin kansa garau.

Maigidana ya yi 'yan kwanaki a gadon asibiti. Wata safiya da ya ɗan samu sauƙi ya riƙe hannuna, ya ce, "Ke kin ce mu je wurin likita, ni na ƙi. Kar ki ɗora wa kanki." Na ce ya daina wannan magana, zai tashi. Bai tashi ba. Zuciyar ta sake bugawa, Allah ya karɓi abinsa.

Ɗalibar ta zo ta'aziyya tare da mahaifiyarta. Ta zauna a bakin tabarma tana kuka, ta ce da ta sani da wani shagon ta kai aikinta. Ni da ake yi wa gaisuwa na koma ina rarrashinta, don ita ta faɗi gaskiya a kan lokaci, mu ne ba mu ji ba. Bayan na fita takaba 'yan'uwansa suka sayar da kayan shagon. Har yau in wata hidima ta kai ni Samaru, nakan sauka daga mota kafin a isa layin shagon, in zaga ta baya.

Na san in kwana ya ƙare ba makawa, kuma na karɓi ƙaddara. Amma na koyi cewa bincike na masu bincike ne har sai likita ya fassara maka shi a kan jikinka. Yanzu ga waya a hannun kowa, kullum ana turo mana an gano kaza yana maganin kaza. Don Allah duk wanda aka ɗora a kan magani kar ya ajiye shi saboda abin da ya karanta, ko don ya ji sauƙi. In kun yi awon jini, ku kai wa likita sakamakon gaba ɗaya, har da wanda ba ku so gani ba. Ku kuma 'yan'uwana mata, in maigida ya ce zai bar maganinsa, ku nace, ku kira yayansa ko amininsa, ko da zai yi fushi. Fushinsa na kwana biyu ne. Ni na zaɓi zaman lafiya a ranar, ga shi yau ni kaɗai nake amsa tambayoyin yara game da babansu. Allah ya jiƙansa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.