Tsaga Ɗaya a Jikin Sandata

Har gobe ban manta da ranar da na hau dutsen Shere ni kaɗai ba. Lokacin ina babban mataimakin safiyo mai awon ƙasa, saura shekara biyu in yi ritaya. Sabon oganmu ya kira ni ofis ya ce, "Baba Sale, gwiwar nan taka ta fara kawo ƙara. Ka koma sito ka huta mana."

Na ce, "Oga, sito wurin ajiye tsoffin kaya ne, ni kuwa da saurana."

Ya yi dariya. "To gobe akwai Shere. In aiki ya yi kyau, na bar ka a fili. In aka samu matsala, makullin sito na jiranka."

Ga wanda bai san aikin ba, a ƙololuwar dutsen akwai turken siminti mai ƙusar tagulla a tsakiya. A kansa ake kafa na'ura mai ƙafa uku, ta yi awa shida tana karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, sauran ma'aikata kuma suna awon filaye a ƙasa. Dole ne a auna tsayin na'urar daga ƙusar nan da tef, a rubuta. In babu wannan lambar, wahalar kowa ta ranar ta tashi a banza.

Shekara goma sha tara ni da abokin aikina Chukwudi muke wannan hawan. Ni ke ɗaukar na'ura, shi ke riƙe tef. Wata biyu kafin nan ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a gabas, ba a kuma ba ni wani ba.

Bazara ce. Direba ya sauke ni a gindin dutse da hantsi ya juya. Daga rabin hanya babu itace babu inuwa, sai falalen dutse da ƙerana, kamar ba a ƙasar Filato kake ba. Na dogara da doguwar sandata ta gora da na saya a kasuwar Katako. Gwiwa tana zogi, amma shirun ya fi damuna. Chukwudi mutum ne mai mita, tun daga ƙasa yake zagin dutsen har mu kai sama. Ashe mitar ce take rage mini nisa.

Na isa, na kafa na'ura, na kunna, na buga wa oga na ce su fara. Sannan na miƙa hannu baya na ce, "Chuks, tef."

Na daɗe da hannun a miƙe kafin na tuna. Babu Chuks, babu tef. A rayuwata ban taɓa saka tef a jakata ba. Na zauna a kan dutse mai zafi, wallahi sai da na yi ƙwalla, kuma ba don sito ba. Na kira lambarsa sau uku, tana ta ƙara ba a ɗauka ba.

Da hankalina ya dawo, na ɗora gindin sandata a kan ƙusar, na sa wuƙa na yi tsaga daidai alamar awo ta jikin na'ura. Daga nan sandar ta haramta gare ni, domin in na dogara da ita gindinta zai ci, awon ya canja. Da la'asar na ɗaure ta a baya tare da kaya, na sauko da jan gindi kamar mai koyon rarrafe. Wandon nan bai sake sawuwa ba.

Washegari oga ya auna tsagar, ya saka lambar a kwamfuta, aiki ya fita daidai. Ya ce, "Baba, ka ci. Fili naka ne."

Na ce, "Oga, kawo makullin."

Ya zuba mini ido. Na ce masa ƙafata ta iya, na gani. Amma rabin aikin da na ɗauka ni na iya, ashe a aljihun wani yake.

Abin da na koya ke nan, ku masu tasowa. A wannan sana'a mutum biyu ne suke zama ma'aikaci ɗaya. Duk shekara biyun da na yi a sito, ban taɓa ba mutum na'ura ba sai ya faɗa mini sunan wanda zai hau tare da shi.