Galan a Tsakiya

Ranar kasuwar Ɗanbatta, Malama Tahira tana tsaye a rumfar mai tura finafinai, tana jiran wayarta ta cika caji. A talabijin ɗin rumfar ana nuna wani fim inda mijin uwa ke lalata agolarsa, uwar kuma ta rantse ƙazafi ne.

Kusa da ita akwai wata mata da ba ta sani ba, siririya, lallen hannunta ya koɗe, tana rungume da galan ɗin man gyaɗa. Idonta ƙur a kan fim ɗin, leɓenta na motsi kamar mai tasbihi. Wata yarinya da ba ta wuce sha uku ba ta ƙanƙame gefen hijabinta, ta ƙi ɗago kai.

"Sharrin 'yan fim ne," in ji matar, alhali ba wanda ya tambaye ta. "Wa zai yi wannan a gidan Musulmi?"

Sai ga wani magidanci a kan babur, fes cikin farar shadda, ana ta gaishe shi da Malam. Ya danna hon sau ɗaya. Yarinyar ta ja da baya.

"Inna, yau ke ki zauna a tsakiya."

"Hau mana! Ko ba shi ya haife ki ba, ai ubanki ne."

Yarinyar ta hau, jikinta a sandare. Kafin babur ya tashi, matar ta cusa galan ɗin tsakanin 'yarta da bayan mijin, ba ta kalli kowa ba.

Malama Tahira ta bi babur ɗin da kallo. Ashe uwar ta sani.