Lambar Da Ka Bari A Ƙarƙashin Kofina

Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, labari ya iso ofis cewa Allah Ya yi wa mai kula da kwamfutocinmu rasuwa. Mota ce ta buge shi a ƙofar gidansa, ba ta tsaya ba. Baban Lamba muke ce masa.

Baba, kai ka koya mini cewa fayil bai san sunansa ba. Lamba gare shi, wadda ake kira inod. Suna kuwa 'yar alama ce da aka liƙa a cikin folda. "'Yata," ka kan ce, "digiri biyu, amma har yanzu suna yana ruɗin ki."

Ka rubuta wata 'yar manhaja mai bin folda ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kowane suna lambarsa har ta dace da wadda ake nema. A hankali take tafiya, kamar yadda kake hawan bene. Ranar da kwamfuta ta ce wani fayil na lalacewa, lamba kawai ta bayar. Da manhajar ka gano kundin bincikena ne, ka ceto shi, ka hana ni godiya.

Mako guda kafin rasuwarka, shugaban ofis ya sa ka goge rahoton injiniya kan ginshiƙan da suka tsage a benen da muke aiki a ciki, mu ɗari da ashirin. Ka goge a gabansa. Ranar Litinin, ana gobe za ka rasu, na tarar da takarda a ƙarƙashin kofina, lamba ce kawai a jiki.

Sai bayan jana'iza na ba manhajarka lambar. Ta yi minti arba'in tana nema, ta fito da suna ɗaya, a cikin foldata, tsakanin hotunan 'ya'yana. Fayil ba ya mutuwa sai an goge sunansa na ƙarshe. Ka ba rahoton suna na biyu kafin ka goge na farko. Ba ka nemi shawarata ba, Baba.

A wajen gaisuwa shugaba ya yi kuka mai kyau, sannan ya matso kusa da ni.

"Bai bar miki komai ba?"

"Kewa, ranka ya daɗe."

Jiya shugaba ya kawo sabon ma'aikaci a madadinka, wanda shi ma ya iya tambayar lamba. Gobe zan kai rahoton ga masu duba gine-gine, in Allah Ya kai mu. Ina duba titi sau biyu yanzu kafin in tsallaka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka Inna da 'ya'yanku haƙurin rashinka. Mu da muke ƙarƙashin rufin nan, Allah Ya fitar da mu lafiya.