Hukuma Ta Dawo Gida

A gidan likitocin nan biyu, mata da miji, ba mai kiranta da sunanta. A gabanta Anti ce, a bayan idonta kuwa Hukuma. Direba ne ya laƙaba mata, kuma ta sani, don ba a yin magana a gidan nan ba ta zagayo kunnenta ba kafin shayi ya huce. Ko a jikinta. A ganinta, gidan da ya tara kuku da mai wanki da mai shara da direba da maigadi, in babu hukuma a cikinsa, ya zama kasuwa.

A otal ta fara, tana gyaran ɗakunan baƙi. Can ta koyi cewa ɗakin da ƙamshi ya yi wa yawa, akwai abin da aka danne a cikinsa. Wata rana matar likitan ta sauka a otal ɗin, ta ga yadda ake ɗame zanin gado, ta sa aka kira mata wadda ta yi, ta yi mata tayin riƙe mata gida a wani gari mai nisa. Lokacin shagon mijinta, mai gyaran firji da fanka, ba ya kawo abin kirki, 'yar farinsu tana firamare, Auta kuwa ba a daɗe da yaye ta ba. Suka yi shawara ta je ta yi shekara ɗaya ko biyu. Wasa-wasa, sai ta waya ta ga Auta ta yi famfara.

Aikinta ba shara ba ne, ba girki ba ne, ido ne. Makullai suna ɗaure a ƙugunta, ita ke buɗe sito, ita ke rufewa. Ba ta tambayar mai shara ko ta goge, sai dai ta miƙa yatsa saman ƙofa ta duba da kanta. In tulun fulawa ya gusa daga mazauninsa, ta san an kankare teburin. In kuku ya cika fara'a da safe, ta san tukunya ta kama. Ita kanta gwana ce wajen rufa wa gida asiri: duk ranar da masu gida za su dawo daga tafiya, ta san matashin da za a jingina a kan tabo, da labulen da za a ja don ya sakaya tsagar gilashi. Ba ta yarda da kowa ba, shi ya sa likitocin suka yarda da ita.

Da suka sami aiki a wata ƙasa, suka ce ta bi su. Ta ce a'a. Gwiwoyinta sun fara gunaguni, kuma ta gaji da tarbiyyar 'ya'ya ta waya. Ta miƙa makullai, ta haɗa kayanta, ta bar aikin baki ɗaya. Sai dai ba ta faɗa wa mutanen gidanta ba. Ta ce musu kawai tana tafe, kamar yadda takan ce duk hutu. Ta gaya wa ranta wai so take ta yi musu albishir baki da baki, amma gaskiyar magana so take ta fara ganin irin gidan da za ta zauna a ciki kafin ta buɗe baki. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, a hawa na biyu. Tun daga matakala ƙamshin sabulun goge ƙasa ya tare ta. Mijin ya karɓi jakarta, riga a goge har da kari. 'Yar fari, wadda yanzu ta kusa kamo ta a tsawo, ta durƙusa ta gaishe ta. Auta ta rungume ta, amma a hankali, kamar an ja mata kunne kada ta ɓata wa baƙuwa kaya.

A uwar ɗaki ta tarar da sabon tawul a naɗe a kan gado, silifas a jere a ƙasa, ga butar ruwan sha an kifa mata kofi. Ta tsaya tana kallo. Wannan hannun ta san shi, haka take shirya ɗakin baƙi. Ta ce a ranta ruwa ba ya tsami banza.

"Baban yara, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Me kika gani?"

"Ban ga komai ba. Shi ne abin da ya dame ni."

Ya yi dariya, dariyar ta fi maganar tsawo.

Washegari, da shi ya tafi shago yaran suka tafi makaranta, ta shiga aiki. Ta ɗaga dardumar falo, babu tabo. Amma kusa da taga ga sawun ƙafafun kujera huɗu a ƙasa, kujerar kuwa babu ita. A bangon ɗakin yara ga ramukan ƙusa, ga wurin da fenti ya fi sauran haske. Ƙasan ƙofar kicin duk an yakushe shi. Ta buɗe firji, ta ga kwalabe a jere daga dogo zuwa gajere. Mijin da ta aura, wanda zai iya saka sukundireba a firji ya manta, shi ne yau da jera kwalabe?

Zuciya ta shiga saƙa da warwara. Ko shagon ya karye, yana sayar da kayan gida ɗaya bayan ɗaya? Ko ciwo yake ɓoye mata? Ta zazzage aljihunansa tana neman magani, ba ta samu ba. Ta koma kan 'yar fari, ta shinshina mayafanta, ta leƙa ƙarƙashin katifarta. Da yamma ta riƙa jefa musu tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban, kowa shi kaɗai, yadda take yi wa kuku da direba in nama ya ragu. Amsarsu ta zo iri ɗaya sak, wannan kuwa ya ƙara tabbatar mata an haɗa baki.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne dariyar. Tana ɗaki za ta jiyo su ukun a kicin suna ƙyaƙyatawa ƙasa-ƙasa, tana sako ƙafa sai tsit. Auta ta miƙe tsaye, 'yar fari ta ɗauki tsumma ta hau goge abin da ba ya buƙatar goga. Ta san wannan shirun. Shi ke sauka a kicin ɗin likitoci idan motar masu gida ta yi ƙaho a bakin ƙofa.

A ƙarshen baranda akwai ɗan sito. Rannan tana shanya ta lura da kwaɗon da ke jikinsa, sabo fil. Ta bari sai da aka gama cin abincin rana, kowa na zaune.

"Baban yara, a ba ni makullin sito."

"Ai tarkace ne kawai a ciki."

"Tarkace ake saya wa sabon kwaɗo?"

"Ki bari mana ki huta tukuna, daga zuwanki..."

"Ko ka ba ni, ko in sa a kira mai guduma. Gidana ne, ba za a mai da ni baƙauyiya ba."

Ya kalli yaran, yaran suka sunkuyar da kai. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mata.

Ƙofar na buɗewa kaya suka nemi zubo mata. Tsohuwar kujerarsa ce a gaba, wadda cikinta ya lotsa. A kanta an jibga gawarwakin fanka, da faranta na roba da suka koɗe, da kofin da hannunsa ya karye. Ga allon katako da 'yar fari ta manne da hotunan ƙawayenta, ga zane-zanen Auta an ɗaure da zare, ga wani ɗan kwano da sauran madara ta bushe a gindinsa. Ta kutsa hannu har baya, ta ɗaga wannan, ta ture wancan, tana neman ainihin abin da aka ɓoye. Ta kai bango ba ta sami komai ba.

"Mene ne wannan?"

'Yar fari ce ta amsa. "Kayanmu ne, Mama."

"Na ga kayanku ne. Me suke yi a kulle?"

"Wani zuwa da kika yi can baya, kin ba mai bola kujerar Baba. Sai da muka bi shi har layin baya muka karɓo. Kin yage zanen Auta daga bango, kika ce gida ba makaranta ba ne, ta yi ta kuka bayan kin tafi. Tun daga nan, in kin ce kina tafe sai mu kwashe. In kin koma mu fito da su."

"Duk zuwana?"

"Ba wahala, Mama, mun saba. Yanzu wuni ɗaya ma ya ishe mu."

Kunya ta rufe ta, baƙin ciki ya biyo baya. Da sata ta kama, ko ciwo, da ta san abin yi. Ta zauna a hannun tsohuwar kujerar, nan bakin sito, ƙura ta tashi ta sauka a zaninta, ba ta kakkaɓe ba. Mijin ya matso yana ta ba ta haƙuri, wai don ta ji daɗin hutunta suka yi, ai kwanakin ba yawa gare su ba, gara a rabu lafiya.

"Ba hutu na zo ba," ta ce. "Na bar aikin. Na dawo ke nan."

Can ƙasa wani mai babur ya wuce, aka ji ƙararsa har ta ɓace.

"Alhamdulillahi," in ji mijin daga baya. "Ai... ai abin da muke ta roƙo ke nan."

'Yar fari ta ce, "Sannu da zuwa, Mama," kamar yanzu ta shigo.

Auta ce ba ta iya ɓoye nata ba. Idonta ya ciko, ta riƙe gefen rigar yayarta.

"To kyanwata fa? Tana wurin maƙwabciyarmu ta ƙasa. Baba ya ce sai kin tafi za a dawo da ita. Ba za ta dawo ba ke nan?"

Uwar ta dube ta. Ta sassauta murya iyakar yadda ta iya, muryar da rabonta da ita tun Auta na goye.

"Je ki ɗauko ta. Je ki yanzu, 'yata."

Yarinyar ba ta gusa ba. Ta juya ta kalli babanta, tana jiran ya ce ta je.